Bindigar Iska a Ranar Tsanani: Abin Dogaro ko Yaudarar Kai?

A Amurka da Kanada da wasu sassan Turai akwai mutane masu yawa da ba sa wasa da tanadin ranar tsanani, wato ranar da guguwa ko ambaliya za ta raba gari da sauran duniya, ko kantuna su wayi gari babu kaya, ko mutum ya maƙale a dokar daji inda ba mai jin kiransa. Suna ajiye hatsi da gishiri da magani, suna koyon tace ruwa da haɗa wuta ba tare da ashana ba, kuma a kan duk waɗannan bakinsu ɗaya ne. Inda kawunansu ke rabuwa shi ne abin da za a nemo nama da shi. Wasu sun ce bindigar iska, wadda ke tura ƙwayar dalma da ƙarfin matsattsiyar iska ba da albarushi ba, ita ce mafi dacewa da irin wannan rana. Wasu kuwa sun ce wannan kayan wasan yara ne da aka yi wa ado, kuma duk wanda ya jingina rayuwarsa da ita ya yaudari kansa. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya. Sai dai a ganina gardamar ba ta warwaruwa sai an daina tambayar wace bindiga ce ta fi ƙarfi, an koma ga tambayar da ta fi dacewa da halin da ake magana a kai: me bindigar take buƙata daga wajen kanta kafin ta yi aiki, kuma za a samu wannan abin idan hanyar kasuwa ta toshe?

Masu goyon bayan bindigar iska da lissafin nauyi suke farawa. Ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5 nauyinta wajen rabin giram ne, mai faɗin milimita 5.5 kuwa tana kusa da giram ɗaya. Ke nan gwangwani guda mai ƙwaya 500, wanda zai shige aljihun riga, bai wuce rabin kilo ba, alhali harsashi 500 na ƙaramar bindigar albarushi samfurin .22 LR ya haura kilo ɗaya da rabi. Ƙwayar dalma ba ta da albarushin da damshi zai lalata, ba ta tashi da wuta idan ɗakin ajiya ya yi zafi, ko ta shekara ashirin a ajiye tana nan yadda take. Suna kuma tuna wa abokan gardamarsu abin da ya faru a Amurka daga 2013, lokacin da harsashin .22 LR ya yi ɓatan dabo a kantuna na tsawon shekaru saboda rububin saye, sannan aka sake ganin ƙarancin harsashi a 2020. Idan a zaman lafiya, masana'antu na aiki, harsashi zai iya yankewa haka, ina ga ranar da motocin dakon kaya suka tsaya? Hujjarsu ta gaba ita ce ƙara. Bindigar albarushi idan ta tashi, tsuntsayen kwari guda sai su watse, kuma duk mai kunne ya san akwai mai makami da nama a kusa. Ta iska kuwa ƙararta ba ta nisa, maharbi zai iya kayar da kurciya ɗaya ya dakata sauran su dawo.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce irin naman da ake samu a zahiri. Wanda yunwa ta kora daji ba kasafai yake cin karo da barewa ba. Abin da yake gani kullum shi ne zomo da kurege da kurciya da makwarwa da ɓeraye, kuma waɗannan su ne daidai ƙarfin bindigar iska. Birtaniya ta isa shaida. Doka a Ingila da Wales ta ce bindigar iska da ƙarfinta ya wuce jul 16 da 'yan kai sai da lasisin makami, don haka galibin maharba a can da wadda ba ta kai wannan iyaka ba suke aiki, kuma da ita suka shekara da shekaru suna rage zomaye da kurege da tantabarun daji a gonaki, daga tazarar mita 25 zuwa 35. Wannan ya nuna ba yawan ƙarfi ke kashe zomo ba, sanya ƙwayar a inda ya dace ne.

Masu adawa ba su musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Cewa suke yi an ɓoye rabin labarin. Harsashin .22 LR yana fita da ƙarfin jul 140 zuwa 190, wato kusan ninki goma na bindigar iskar da Ingila ta yarda a riƙe ba lasisi, yana kai wa zomo daga mita 70 ko fiye, kuma a hannun gwani, cikin larura, yana kayar da dabbar da ta fi zomo girma nesa ba kusa ba. Suna kafa hujja da waɗanda suka yi wa wannan tambaya nazari da kuɗin gwamnati. Lokacin da rundunar sojan saman Amurka ta nemi makamin da za ta bai wa matuƙan jirgi don su rayu idan sun faɗo a jeji, abin da ta raba musu a shekarun 1950 shi ne M6, mai baki biyu, ɗaya na harsashin .22 Hornet ɗaya na ƙananan ƙwayoyi samfurin .410. A ƙarshen waɗannan shekaru ne kuma Eugene Stoner ya ƙera bindigar AR-7, wadda ake kwancewa a zuba sassanta cikin gindinta, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma ko ta faɗa ruwa ba ta nitsewa nan take. Bindigar iska mai sifirin da ta isa farauta kuwa takan kai kilo uku da rabi zuwa huɗu. Ashe sauƙin da aka samu a ƙwayar dalma an mayar da shi a nauyin bindigar. Sannan ga babbar magana: ranar tsanani ba yunwa kaɗai take kawowa ba. A Alaska akwai beyar, a ko'ina kuma akwai karnukan da suka koma daji, da ɗan Adam da wahala ta fitar da shi daga hayyacinsa. A gaban waɗannan, bindigar iska ba ta da abin cewa.

A nan dole a ba masu adawa gaskiyarsu ba tare da kwana-kwana ba. Bindigar iska ta farauta ba makamin kare kai ba ce. Tana da ƙarfin da zai makantar da mutum ko ya kashe yaro idan aka yi sakaci, amma ba ta da ƙarfin tsayar da dabbar da ta yo kan mutum a guje. Haɗari ne babba mutum ya ɗaga abin da ya yi kama da makami alhali ba zai yi aikin makami ba, domin wanda ke gabansa da na gaske zai mayar masa. Haka kuma wanda zai yi tafiyar kwanaki a ƙafa yana neman hanyar fita, kamar matuƙin jirgin da ya faɗo, ƙaramar bindigar albarushi ta fi masa, tunda harsashi hamsin ya ishe shi. Amma hujjar sojan sama iyakarta ke nan. Matuƙin jirgi yana jiran masu ceto ne cikin kwanaki, kuma a bayansa akwai rundunar da ke cika masa jaka. Halin da galibin mutane za su shiga ya sha bamban da nasa: suna gida ko gona, wata da watanni, kuɗi ya ƙare ko hanya ta yanke, tukunya na neman abin da za a jefa mata kowace rana. A irin wannan zama nauyin bindiga ba ya damun kowa, abin da ke damun mutum shi ne harbi dubu nawa ya rage masa, da ko zai iya gyara ta idan ta lalace.

Akwai kuma gaskiyar da ta doki ɓangarorin biyu gaba ɗaya, ita ce bindiga ba abinci ba ce. A watan Afrilun 1992 wani matashi Ba'amurke, Christopher McCandless, ya shiga jejin Alaska da bindigar albarushi samfurin .22 da 'yar jakar shinkafa. Ya harbi kurege da beguwa da tsuntsaye, har ya kayar da ƙatuwar dabbar dawa da ake kira mus, amma bai iya ƙyafe naman ba, ya ruɓe a hannunsa. Da ya nemi komawa, kogin Teklanika ya cika ya tare masa hanya, a watan Agusta ya rasu cikin tsananin rama. Bai rasa makami ba, bai rasa saiti ba. Abin da ya rasa shi ne kitse da hatsi. Zomon daji ɗaya da ƙyar ya ba da kalori 1,000, alhali mai aikin ƙarfi cikin sanyi yana ƙona 3,000 ko fiye a yini. Mai binciken yankin Aktik, Vilhjalmur Stefansson, ya yi bayanin ciwon da ke kama masu rayuwa a kan naman zomo zalla, gudawa da kasala da yunwar da ba ta ƙoshi, kuma a gwajin da aka yi masa a asibitin Bellevue na New York a 1928, da aka ba shi tsoka marar kitse, cikin 'yan kwanaki ya kwanta, sai da aka mayar masa da kitse ya miƙe. Darasin shi ne aikin bindiga a ranar tsanani ƙari ne a kan rumbu da tarko da fatsa. Idan kuwa aikinta ƙari ne, to wadda ta fi arha a kowane harbi, wadda kuma za ta tsare gona da rumbu daga ɓera da tsuntsu, ita ta fi cancanta. Wannan ya mayar da rinjaye ga bindigar iska, amma da sharaɗin a san ƙanƙantar matsayinta.

Daga nan sai gardama ta biyu ta taso, wadda ta fi zafi tsakanin masu bindigar iska su kansu: wace iri? Iri huɗu ne a kasuwa. Akwai mai amfani da 'yar kwalbar iskar kabon mai giram 12. Akwai mai tulun iska, wadda 'yan kasuwa ke kira PCP, da ake ɗura wa iska mai matsin bar 200 zuwa 300 da famfo ko babban tulu. Akwai mai famfo a jikinta, da ake bugawa sau uku zuwa takwas kafin kowane harbi. Akwai kuma mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana, idan aka ja kunama sifirin ya tura fistin, fistin ya matse iskar da ke gabansa. Mai kwalbar kabon ta faɗi tun a zagayen farko, domin ranar da kwalaben suka ƙare ta zama sanda, ga shi sanyi yana rage mata matsi har ƙwayar ta riƙa faɗuwa ƙasa da inda aka saita. Ainihin takarar tsakanin mai tulu ne da mai sifirin, mai famfo kuma tana tsaye a tsakiya.

Masoya mai tulu suna da abin tinƙaho. Ba ta girgiza idan ta tashi, don haka ko sabon hannu zai iya samun abin da ya nufa a rana ɗaya. Tana ɗaukar ƙwaya goma ko fiye a jere, wanda ke ba da damar harbi na biyu kafin dabbar da ta ji rauni ta shige rami. Manyanta suna da ƙarfin da a wasu jihohin Amurka aka halatta farautar barewa da su. Sun kuma ce ba sai da injin ɗura iska ba, famfon hannu ya isa. Duk wannan gaskiya ne, amma tarihi ya riga ya gwada wannan tsari a fagen da ya fi kowanne tsanani. Wajen 1779 wani maƙeri ɗan yankin Tirol, Bartolomeo Girardoni, ya ƙera bindigar iska mai tulu a gindinta, wadda ke ɗaukar ƙwaya kusan ashirin, a zamanin da sojan da ke riƙe da bindigar ɗuri yake fama ya yi harbi uku a minti. Sojan Ostiriya ya karɓe ta, ya yi aiki da ita har wajen 1815, sannan ya ajiye ta. Ba don ta kasa kisa ba. Cika tulu ɗaya yana cin bugun famfo wajen 1,500 don harbi kamar talatin, fatun da ke toshe mahaɗanta sai an riƙa kula da su kada su bushe, tulun da ya tsage kuwa ba kowane maƙeri ke iya gyara shi ba. Ayarin Lewis da Clark, da ya ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806, ya tafi da bindigar iska, amma amfaninta a wurinsu shi ne burge al'ummomin da suka tarar. Naman da ya ciyar da su da bindigogin albarushi aka harbo shi. Mai tulu ta yau ta fi ta Girardoni inganci ƙwarai, sai dai raunin bai canja wuri ba: zoben roba da yawa, bawul, ma'aunin matsi, tiyo, da famfo mai nasa zobban, ga damshin da famfon hannu ke turawa cikin tulu yana cin ƙarfe a ɓoye. Zobe ɗaya da bai kai girman ƙwayar wake ba idan ya tsage, iskar ta tsiyaye cikin dare. Bugu ɗari ko fiye na famfo kuma ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda bai ci ya ƙoshi ba.

Mai sifirin ita ma ba ta rasa aibi, kuma adalci ne a lissafa shi. Tana da wuyar koyo, domin fistin yana motsi kafin ƙwayar ta bar bututu, bindigar ta yi baya sannan ta yi gaba. Wanda ya damƙe ta da ƙarfi ba zai samu komai ba, sai an ɗora ta sako-sako a tafin hannu, a wuri ɗaya kowane lokaci, an bar ta ta yi motsinta. Wannan girgiza mai fuska biyu tana kashe madubin saitin da ba don ita aka yi shi ba. Idan aka harba ta ba ƙwaya a ciki, fistin yana dukan bango ya lalata robarsa. Idan aka zuba mata man da bai dace ba, zafin matsi yana kunna shi ya fashe a ciki. A kan tsaunuka masu tsawo ƙarfinta yana raguwa saboda iskar wurin ba ta da kauri. Amma a dubi jerin da kyau: kusan duka laifin mai riƙo ne, wanda koyo ke magancewa, ba buƙatar wani abu daga kanti ba. Abin da ke iya mutuwa a cikinta uku ne, sifirin da robar fistin da robar bakin bututu, dukansu za su shiga ambulan ɗaya, kuma sifirin mai kyau yana yin harbi dubbai kafin ya gaji. Samfura irin su Weihrauch HW35, da ake ƙerawa a Jamus tun shekarun 1950, da Diana 34, suna nan a hannun jikokin waɗanda suka saye su. Mai famfo a jiki, irin su Benjamin 392, ita ma ba ta neman komai daga waje, ba ta da nauyi, ba ta girgiza, har tana barin maharbi ya rage bugu don ɓera ya ƙara don zomo. Aibinta shi ne jinkiri da ƙarar famfo tsakanin harbi da harbi, da bawul ɗin da ya fi sifirin wuyar gyara. Ga mai ƙaramin jiki ko wanda bai samu lokacin koyo ba, zaɓi ne mai ma'ana. Ga saura, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma mai sifirin ita ce gatarin da ba ya jiran kowa.

Saura maganar faɗin ƙwaya da ƙarfi, inda talla ta fi ɓatar da mutane. Kwalaye suna ɗauke da alƙaluman gudu masu ban tsoro, waɗanda aka auna da ƙwaya marar nauyi da ba ta farauta. Ƙwayar bindigar iska siffarta mai siririn ƙugu ce da buɗaɗɗen gindi, kuma idan gudunta ya kusanci na sauti, wato mita 340 a daƙiƙa, sai ta fara rawa a hanya, ta kuma yi ƙarar da aka gudu tun farko. Bindigar da aka cika wa ƙarfi tana da wuyar ɗanawa, tana da nauyi, ta fi girgiza. Matsakaiciya, mai jul 16 zuwa 25, ita ce hannu ke iya sarrafawa. Ƙwayar milimita 4.5 ta fi tafiya a miƙe, ta fi arha, ta fi samuwa. Ta milimita 5.5 tana lanƙwasa a hanya, sai maharbi ya iya kimanta tazara, amma iska ba ta cika kaɗa ta ba, kuma ta fi kayar da mai gashi nan take. Tunda inda ake nufa a kan zomo bai wuce faɗin santimita biyu da rabi ba, ƙa'idar ita ce kada mutum ya harbi mai rai daga tazarar da ba zai iya sanya ƙwaya biyar a jere cikin wannan faɗi ba. Ga Musulmi ma akwai ƙarin dalili: hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambanta abin da makami ya huda da abin da ya buge kawai ya mutu, na farko ya halatta idan an ambaci sunan Allah, na biyu mushe ne, wanda aka riska da rai kuma sai an yanka. Bindiga marar ƙarfi ko harbi daga nesa yana jawo asarar nama da azabtar da dabba a banza.

Doka ma tana cikin lissafin, domin makamin da aka ƙwace kafin ranar tsanani bai amfani kowa ba. Dokar tarayyar Amurka ba ta lissafa bindigar iska cikin makaman wuta, ko da yake jihohi suna da nasu ƙa'idoji. Jamus ta tsayar da iyakar wadda ake riƙewa ba lasisi a jul 7.5, wanda bai isa farauta ba. Mai karatu a Najeriya kuwa kada ya ɗauka abin da ya gani a bidiyon Amurkawa ya shafe shi, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigar iska cikin rukunin da ba a mallaka sai da lasisin 'yan sanda, daidai da bindigar farauta ta albarushi.

Idan aka tattara, masu adawa sun yi gaskiya cewa bindigar iska ba ta kare rai daga maƙiyi, kuma ba ita ce ta matafiyi mai neman hanyar tsira ba. Masu goyon baya sun yi gaskiya cewa a doguwar wahala, a wuri ɗaya, babu abin harbi da ya kai ta arha da juriya. Zaɓin da hujja ta fi ƙarfafa shi ne mai sifirin, matsakaiciyar ƙarfi, mai ƙwayar milimita 5.5, wadda ke da saitin ƙarfe a jikinta ko da madubi ya mutu, tare da sifirin da robobin canji da gwangwanaye na irin ƙwayar da aka gwada aka ga ta dace da bututunta. Sai kuma sharaɗin da kuɗi ba ya saye, wato hannun da ya saba da ita tun ana zaune lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ba zai iya ba ta wannan lokaci ba, gara ya kashe kuɗin a kan buhun hatsi da galan na mai da wayar ɗana tarko, ya fi kusa da ganin ƙarshen wahalar da ransa.